FIRJIN SURUKI

Shafi na 17

Na Maman Umaima, Hadejia

Da sunan Allah mai rahama, Shi ya ba ni lafiyar zama in danna wayar nan.

Masu turo min saƙo tun da farar safiya, "Maman Umaima ina shafin yau," ku yi haƙuri, ni ma gida gare ni. Sai da na yi wanki na ɗora wake sannan na samu zama. Ke kuma da kika ce in sa mota ta kaɗe Abdulmannan, baiwar Allah me ya yi miki? Firji fa kawai ya saya.

Wanda yau ya shigo ga inda ake: Inna Zainaba tsohuwa ce mai ciwon suga, ita kaɗai a gidanta na unguwar Matsaro tun rasuwar mijinta Malam. Kullum da safe take yi wa kanta allura, maganin allurar kuma ba ya son zafi. Surukinta Abdulmannan, mijin autarta Bushira, ya kawo mata firji mai sola mai haɗe da intanet. In an buɗe shi a Hadejia wayarsa ta yi ƙara a Kano, har hoto yake turawa. Sati uku kenan wayar ba ta yin ƙara yadda ya kamata. Yau Asabar suka yi sammako.

*

Mota ba ta gama tsayawa ba Bushira ta ɓalle ƙofa, ta sauko da tsohon cikinta tana dafe da baya.

"Abban Zulfa ka tsaya a zaure. Kar ka shigo sai na kira ka."

"Ki bi ta a hankali dai."

"Sati uku nake bin ta a hankali."

Ta ɗaga labulen zaure ta yi sallama.

Inna na zaune kan tabarma a gindin darbejiya, tulu a gefe, kofin silba a hannu. Ta ja zani ta rufe ƙafafunta har yatsu, cikin wannan zafin na bazara da ko kaza buɗe baki take.

"Wa'alaikumus salam. Auta? Lafiya da wannan cikin kika kama hanya? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu Inna. Tukuna dai."

"Kul! Wace irin magana ce wannan?"

Bushira ta durƙusa da ƙyar ta gaishe ta. Tana gaisuwa tana kallon wuyan Inna da ya zurma, leɓe duk ya bushe ya tsage.

Inna ta kwankwaɗe kofin, ta sake tarawa.

"Kofi na nawa kenan yau?"

"Yanzu kuma ruwa ma ƙirga shi ake? Ina Zulfa?"

"Tana Islamiyya. Inna firjin nan fa?"

"Yana nan kalau, Allah Ya saka da alheri. Sabis ne dai babu. Kin san unguwar nan."

"Sabis."

"Eh mana."

Bushira ta zauna sosai ta ciro waya.

"Inna sau biyu Abban Zulfa yana canza layi. Ya turo mai gyara tun daga Kano, mutumin nan ya hau kan rufin kwanonki da rana tsaka ya ɗaura ƙarfen sabis. Ya sauko ya buɗe firji, waya ta yi ƙara. Ya sake buɗewa, ta sake ƙara. Yana fita daga gidan nan shiru."

"To ni ce sabis ɗin?"

"Bari ki ji. Ga shi nan a rubuce, ba ni na rubuta ba, firjin ne. Juma'ar da ta wuce waccan, an buɗe ƙarfe biyu saura kwata. Juma'ar da ta biyo, biyu saura minti ashirin. Jiya Juma'a, biyu saura minti goma. Tsakaninsu babu ko ɗaya. Inna wane irin sabis ne wannan da ba ya zuwa Matsaro sai ranar Juma'a lokacin huɗuba?"

Inna ta ɗauki carbinta ta hau ja.

"Ki ajiye carbin nan Inna, magana nake."

"Ubangiji nake ambato."

"Ubangijin ne ya ce a nemi magani. Allurarki tana cikin firji. In ba kya buɗe firji, a ina kike yin allura?"

Inna ta ci gaba da jan carbi.

"Inna!"

"Ina yi."

"Yaushe?"

"Ranar Juma'a."

Bushira ta saki wayar a cinya ta dafe kai da hannu biyu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allurar kullum! Likita ya ce kullum! Kin mayar da ita wankan Juma'a?"

"Ki rage murya, maƙwabta na ji."

"Su ji! Wallahi su ji! Me firjin ya yi miki? Cizo yake? Ke kika ce kin gaji da tafiya kemis kullum da safe. Ke kika ce ƙanƙarar maƙwabciyarki Baba 'Yar'azumi narkewa take kafin azahar. Aka kawo miki naki har ɗaki, wanda ko an ɗauke wuta sati yana nan da sanyinsa. Me kuma kike so?"

Inna ta ajiye carbin. Ta kalli labulen zaure, ta yi ƙasa da murya.

"Yana nan?"

"Yana zaure."

"To matso."

Bushira ta matso.

"Kwana biyu da kawo abin nan, na gama sallar walaha, waya ta yi kuka. Maigidanki ne. Muka gaisa. Sai ya ce min, 'Inna na ga kun ci rabin farfesun tarwaɗar kun bar rabi, ko gishiri ya yi yawa?'"

"To?"

"To kika ce? Bai tsaya nan ba. Ya ce, 'Sannan furar nan a ɗan rage, na ga kwanon ya yi ƙasa sosai.'"

"Kulawa ce fa Inna."

"Kulawa! Auta shekara goma sha ɗaya yana aurenki, ya taɓa ganin na kai ko ruwa bakina? Ranar sunan Zulfa da yunwa na wuni har magariba, don yana kai-kawo a tsakar gida. Uwata har ta koma ga Allah Malam bai san da wane hannu take cin tuwo ba. Yau ni Zainaba surukina ya san loma nawa na yi? Ya san na sha fura har kwano ya yi ƙasa? Wallahi da na ajiye wayar nan ji na yi kamar an tuɓe min zani a tsakiyar kasuwar kifi."

"Haba Inna."

"Ba haba ba. Ashe ba firji kuka kawo min ba, idonsa kuka ciro kuka ajiye min a ɗaki."

Ni kam masu karatu, a nan ban ga laifin Inna duka ba. Ku tambayi iyayenku.

Bushira ta ja numfashi.

"To me ya hana ki faɗa min?"

"In ce miki me? In ce kayan da mijinki ya kawo ba na so? Ki je ki faɗa masa, ya ce uwar matarsa ba ta da godiya?"

"Ba sai ki sa Baba 'Yar'azumi ta riƙa ɗauko miki allurar ba? Katanga ce kawai tsakaninku."

"'Yar'azumi! Ta tambaye ni dalili in ce me? Kafin la'asar daga nan har Kirikasamma an ji surukin Zainaba na ƙirga mata loma. Kin manta bakinta?"

"To ki fito da maganin ranar Juma'ar, ki ajiye a ɗaki ki riƙa yi."

"Wa ya ce min in ya kwana a waje ya zama ruwa? Wa ya riƙe min kunne a gaban likita yana cewa Inna ko minti goma kar ya yi a zafin Hadejia?"

Bushira ta tuna. Ita ce ta faɗa. Har sau uku ma.

"Kin gani? Maganarki na bi."

"Amma me ya sa sai Juma'a?"

Inna ta gyara zama, har da ɗan murmushin wanda ya yi dabara.

"Yo ai na san halinsa. Duk abin da yake, Juma'a ba ta wuce shi, kuma ba ya taɓa waya in liman ya hau mumbari. Malam ya yabe shi a kan haka tun yana neman aurenki. Ina jin lasifika ta fara huɗuba sai in ce to, yanzu idonsa na wajen Allah. In shiga in yi allurata, in sha ruwan sanyi in more, in rufe kafin a yi sallama."

Bushira ta yi wata dariya da ba ta daɗi ba, hawaye na zubo mata.

"Inna. Wayyo Inna. Ba tsayawa yake yana kallonki ba. Abin ajiyewa yake."

"Ajiye me?"

"Hoton. Ko mutum na masallaci, ko yana barci, ko yana Makka. Yana ɗauka ya ajiye, in ka fito ka gani."

Murmushin Inna ya ɗauke.

"Ƙarya kike."

"Na taɓa yi miki ƙarya?"

"Mu gani."

"Ki bar shi kawai Inna."

"Na ce mu gani!"

Bushira ta danna ta miƙa mata. Inna ta kai wayar nesa da ido, ta dawo da ita kusa, ta kare hasken rana da tafin hannu.

Daga sama aka ɗauki hoton, don kyamarar a saman ƙofa take. Ga robar ruwa, ga kwalbar allura, ga hannu da sirinji. Ga kuma tsakiyar kan Inna fes, ba ɗankwali, furfura fari tas, kitson ya kwana biyu ya tsefe ta gefe.

Wayar ta suɓuce ta faɗa kan tabarma.

"La'ilaha illallahu."

"Inna..."

"Kaina. Kaina ba ɗankwali. Zafi ne ya ishe ni na cire. Auta ya gani?"

"Inna muharraminki ne fa. Kowane malami za ki tambaya zai gaya miki, mijin 'yarki kamar ɗanki ne, ba laifi ya ga kanki."

"Ke za ki koya min addini? Na sani! Ban ce haramun ba, kunya na ce! Ya gani ko bai gani ba?"

"Bai gani ba."

"Rantse."

Bushira ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi.

"To kira shi. Shi ba ya rantsuwa a kan ƙarya. Ya tsaya bayan labule."

Inna ta jawo hijabin sallarta daga kan igiya ta zura, ta juya fuska wajen katanga.

"Abban Zulfa! Matso bakin labule, kar ka shigo."

Aka ji ya cire takalmi, aka ga ƙasan labule ya motsa, ya durƙusa a can ciki.

"Assalamu alaikum. Inna barkanku da hantsi. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Ya hanya? Ya aiki?"

"Alhamdulillah."

"Madalla. Auta, tambaye shi. Tsakaninsa da Allah, hoton jiya ya gani?"

Bushira ta yi saurin cewa, "Ai na gaya mata ba ka..."

"Ba ke na tambaya ba."

Can wani mai kifi ya wuce a kan babur yana ta hon.

"Inna ku gafarce ni. Na gani."

Bushira ta yi tsaki ta harari labulen kamar yana ganinta.

"Kai ma dai! Sau ɗaya a rayuwarka ka yi shiru mana!"

"Da Allah ta haɗa ni Bushira."

Inna ta ja hijabi ta rufe har hanci.

"To shi kenan. A kwashe shi. Yau ɗin nan. A kai wa masu bandar kifi, ko a kai masallaci a riƙa sa ruwa, ko a jefa a kogi. Na gode, Allah Ya ba da lada, amma ba zai sake kwana a ɗakina ba."

"Inna in an kwashe allurar fa?"

"Allah da Ya yi ni Ya san da ni."

"Ku ji fa! Abban Zulfa ka ji ko? Ni na gaji wallahi. Na gaji! Ina can ina fama da kaina, ƙafa ta kumbura, barci ba ya yiwuwa, kullum in tashi in duba waya ko uwata ta buɗe firji. Ashe ita tana nan tana wasan ɓuya da liman!"

"Bushira ya isa," in ji Abdulmannan. "Inna ku ba ni izini in yi magana ɗaya."

Inna ba ta juyo ba.

"Maganar farfesun nan da na yi, ni na yi wauta. A gidanmu ni na yi jinyar mahaifiyata, ni nake ba ta a baki, sai na ɗauka duk ɗaya ne. Ban yi tunani ba. Ku yafe min."

Inna ta ƙara jan hijabi.

"Ga wayata." Hannu ya ɓullo ta ƙasan labule ya turo waya kan siminti. "Bushira ki cire firjin daga ciki, yanzu a gabansu. Ki bar shi a taki ke kaɗai. Kyamarar ma in sun fi so a liƙe ta, ƙarar buɗe ƙofa ta ishe mu. Ni daga yau ko ruwa aka sha ba zan sani ba."

Bushira ta ɗauka ta danna, ta danna, ta kai wa Inna saitin ido.

"Kin gani? Ya fita. Babu shi."

Inna ta leƙo da ido ɗaya.

"Hotunan da ya riga ya gani fa, su ma za ki cire masa daga ido?"

"Inna!"

"Tambaya na yi."

"Inna," Abdulmannan ya sake magana, muryarsa ta sauya, "wallahi ban tsaya kallon kanku ba. Ba shi ya taso mu daga Kano ba. Bushira ba ki nuna musu ƙasan hoton ba?"

Bushira ta juyo a hankali.

"Wane ƙasa?"

"Na ɗauka kin lura. Shi ya sa na ce mu yi sammako. Ki ja hoton ta ƙasa, wajen bakin ƙofa."

Ta ɗauki wayarta ta buɗe hoton, ta sa yatsu biyu ta ja. Ƙasan firji. Siminti. Ƙafar dama cikin silifas. Ƙafar hagu ba silifas, an naɗe ta da tsumman atamfa har idon sawu, tsumman ya jiƙe ya yi baƙi ta wajen yatsu.

Bushira ta ɗago ta kalli zanin da Inna ta rufe ƙafafu da shi.

Inna ta ƙara janyo zanin.

"Mene ne a ƙafarki?"

"Ba komai."

"Inna mene ne?"

"Ƙayar kifi ce. Ina gyaran tarwaɗa na taka. An kwana biyu."

"Kwana nawa?"

"Tun kafin mai gyaran nan ya zo."

"Sati biyu! Me kika sa?"

"Zuma da toka. Ke ki kwantar da hankalinki, ko ciwo ba ya min. Ko tsinke kika soka ba na ji."

Daga bayan labule aka ji Abdulmannan ya ce, "Hasbunallahu wa ni'imal wakil."

"Buɗe in gani."

"Ya koma waje tukuna."

"Abban Zulfa koma mota!"

Aka ji takunsa ya fita.

Bushira ta durƙusa da cikinta, ta yaye zanin. Tun kafin ta taɓa tsumman wari ya bugo ta. Ta danne numfashi ta fara warwarewa. Zagaye ɗaya. Biyu. Na uku ya manne, sai da ta zuba ruwan tulu.

Tsumman ya fita.

Babban yatsa da na kusa da shi sun yi baƙi ƙirin kamar an ƙona. Ja ya taso daga nan ya bi bayan ƙafa ya wuce idon sawu.

Inna ma sai yanzu ta kalla da kyau. Ta ce, "Shekaranjiya ba haka yake ba."

"Tashi. Tashi mu tafi asibiti. Yanzu!"

"Bari in yi azahar."

"Ƙarfe sha ɗaya ake! Tashi!"

Inna ta dafa tulu ta yunƙura. Ta miƙe rabi, idonta ya juya, ta koma daɓas, tulun ya kife ruwa ya malale tabarma.

"Jiri ne. Bari ya wuce."

Bushira ta sa hannu a hammatarta ta ja. Wani abu ya soke ta a mara, ta saki ta dafe ciki tana cije leɓe.

"Baba 'Yar'azumi! Baba 'Yar'azumi!"

"Ba ta nan," Inna ta faɗa da ƙyar. "Ta tafi suna garin Malam Madori."

Bushira ta kalli ƙofar ɗaki, ta kalli ƙafar, ta kalli zaure. Daga gindin darbejiya zuwa mota taku talatin ne, kuma mutum ɗaya ne a duk layin nan da ya halatta ya ɗauki Inna.

Inna ta gane kallon. Ta damƙe hannun Bushira da ƙarfin da ba a san tana da shi ba.

"Auta kar ki soma. Na haɗa ki da Allah. In ya ɗauke ni a hannunsa, da wane ido zan sake..."

"Abban Zulfa!"

"Auta ban yafe ba!"

"ABBAN ZULFA! ZO KA ƊAUKE TA!"

Aka ji an bugo ƙofar mota. Aka ji gudu a zaure. Takun ya zo bakin labule ya tsaya cak.

"Inna," ya ce, yana haki. "Ku ba ni izini."

Inna ta runtse ido, ta ja hijabi ta rufe fuska gaba ɗaya.

"Ban bayar ba."

Labulen ya ɗaga.